Bindigar Mai Tarko a Bakin Dajin Yola

Shagari Low Cost unguwa ce ta ma'aikata da 'yan fansho a Yola, ɗaya daga cikin rukunin gidajen da gwamnatin Shehu Shagari ta gina tsakanin 1979 da 1983, tun ana kiran jihar Gongola. Ba inda za a zaci samun maharbi ba ne. Amma yawancin masu gida a nan suna da gona a wajen gari, ta hanyar Fufore ko tsallaken Binuwai wajen Girei, kuma duk mai gona ya san ɓarnar gafiya da gyazbi da biri. Daga tsaron amfanin gona ake fara ɗana tarko, daga tarko kuma ake fara maganar bindiga.

Abin da baƙo ba ya ganewa shi ne, bindigar mai tarko galibi ba don abin da tarkon ya kama ake saɓa ta ba. Wannan aikin wuƙa ne. A fikihun Malikiyya da ake karantawa a zauruka, dabbar da ta mutu a tarko mushe ce, wadda kuma aka same ta da rai a hannu, yanka ya wajaba a kanta, ba harbi ba. Shi ya sa mai tarko yake sammako tun kafin raɓa ta bushe, ya tarar da gada ko zomo da sauran numfashi, ya fuskantar da ita alƙibla ya yi bisimilla. Wanda ya makara ya yi wa karnuka aiki.

To me ya kawo bindiga? Wanda ya riga ka zuwa. Kukan dabbar da waya ta shaƙe yana kiran dila, yana kiran kura inda ta rage. Akwai kuma abin da tarko yake kamawa amma ba ya kayarwa: mugun dawa da ƙafa ɗaya a cikin tarkon ƙarfe ya fi wanda yake sake haɗari, kuma ba mai hankalin da zai tunkare shi da wuƙa. Sai kuma rabon hanya, garken zabin daji ko makwarwa da za su tashi a gabanka kana tafe.

Saboda haka zaɓin mai tarko ya bambanta da na mai farautar dare. Nauyi yake fara dubawa. Mutumin da zai zaga tarko ashirin ko talatin a ƙasa, ga gatari, ga gorar ruwa, ga burgami cike da waya da layu, a dawowa kuma ga nama a kafaɗa, ba ya son dogon ƙarfen da zai riƙa sarƙewa a ƙaya. Za ka ji dattijo yana ce wa yaronsa: "Kai yaro, ɗaga ta mu gani. In hannunka ya yi rawa tun a zaure, ajiye." Yaron ba ya musu, sai dai ya ce, "To, Baba."

Bindigar toka, wadda wasu ke yi wa laƙabi da harbi-ruga, ita ce ta talaka. Maƙeri ke ƙera ta, ta baki ake ɗura mata albarushi, kuma harbi ɗaya take yi kafin a sake zaman ɗuri. Tana da arha, gyaranta yana kusa, ƙararta kaɗai ta isa korar abin da ya zo cin banza. Aibinta biyu ne. Da damina albarushi yana shan sanyi, ka ja kunama ta yi shiru a lokacin da kake bukatarta. Sannan bututun da ya tsufa ko aka cika masa ɗuri yana iya fashewa a hannun mai shi, kuma a cikin tsofaffin maharba ba a rasa mai yatsu huɗu. Masu hali sun koma wa mai baki ɗaya ta harsashi: ba ta da nauyi, ba ta tsoron raɓa. Mai baki biyu abar alfahari ce, ana goge ta ranar hawan sallah, amma a ganina ta fi ƙarfin aikin tarko, kuɗin harsashinta ma zai cinye ribar naman.

Ba a fita da sabuwar bindiga haka kawai. Ana kai ta wurin maigida a harkar, ya duba ƙota, ya leƙa baki, ya sa albarka. Wasu su ɗaura mata laya ko jan ƙyalle, malamai na faɗa, maharba na yi. Akwai ladubban da ba sa sauyawa: ba a nuna mutum da baki ko da wasa, ba a shiga gida da ita a ɗure, ba a tsallake ta. Tarkon wani kuwa amana ne. In ka tarar da dabba za ta mutu a ciki, ka yanka masa ka sanar da shi, shi kuma ya ba ka rabonka.

Hukuma ma tana da tata maganar. Dokar makamai ta 1959 ta sa lasin bindigar toka a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, na bindigar harsashi kuwa a hannun Sufeto Janar. A gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya shigo Adamawa ta Toungo, tarko da harbi duka haramun ne.

Shekarar 2014 ta sauya yadda ake kallon waɗannan mutane. Bayan Boko Haram ta kama Mubi a ƙarshen Oktoba, maharba da bindigogin toka da kwari da baka suna cikin waɗanda suka taimaka wa sojoji aka ƙwato garin a Nuwamba, kuma daga baya sunan maharbiya Aisha Bakari Gombi ya zaga duniya. Tun daga nan maharbi ya zama rabin jami'in tsaro, da kaki da katin ƙungiya. Yanzu da satar mutane ta shigo dazuzzukan jihar, mai tarko yana lissafin wani abokin gaba da ba dabba ba, kuma a shingen bincike katin nan ake fara tambaya kafin a dubi abin da ke cikin buhu. Da yawa sun rage nisa, sun dawo da tarkunansu gefen gona, suna fita biyu-biyu da bindiga ɗaya a tsakaninsu.