Ko Kun Sani? Yadda Dankalin Turawa Ya Zama Laƙabin Malalaci

A Amurka da Ingila, idan aka kira mutum "couch potato", wato dankalin kan doguwar kujera, ana nufin ragon da ke wuni kishingiɗe gaban talabijin, ba aikin fari balle na baƙi.

Laƙabin ya ɓulla ne a jihar Kalifoniya a 1976, daga bakin wani mai suna Tom Iacino. Amurkawa kan yi wa talabijin laƙabi da "boob tube", akwatin wawaye, yayin da "tuber" ke nufin amfanin gona mai saiwa irin su dankali da doya. Kamancin lafazin nan ne ya haɗa mayen kallo da dankali. Abokin Iacino, Robert Armstrong, mai zanen barkwanci, ya zana dankali zaune yana kallon talabijin, ya kuma yi wa sunan rajistar kasuwanci. A 1993 kalmar ta shiga babban ƙamus na Oxford.

Abin bai yi wa manoman dankali daɗi ba. A watan Yunin 2005 suka yi zanga-zanga a gaban majalisar dokokin Birtaniya da ofishin maɗaba'ar Oxford, suna neman a soke kalmar daga ƙamus ɗin domin tana zubar da mutuncin abinci mai gina jiki. Sun ba da shawarar a musanya ta da "couch slouch", amma ƙamus ɗin bai cire ta ba.

Zuwan kwamfuta ya haifar mata da ƙanwa, "mouse potato", mai wuni yana latse-latse a intanet.