Karen Fitbul a Cikin Gida: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Iyaye maza da mata, kare ba baƙo ba ne a gidajenmu. Yana tsaron gida da dare, yana korar ɓarawon awaki, yana bin maharbi daji. Amma a 'yan shekarun nan an soma ganin wasu irin karnuka a Tamale waɗanda kakanninmu ba su san su ba. Ɗanku da ke aiki a Kumasi ko Akra yakan zo hutu da ɗan kwikwiyo mai faffaɗan kai da gajeren gashi, ya ce ya saye shi da tsada domin ya tsare muku gida. Bayan kwana kaɗan shi ya koma bakin aikinsa, ku ne za ku zauna da karen, ku da jikokinku. Ɗaya daga cikin irin waɗannan karnuka shi ne wanda masu sayarwa ke kira pit bull, mu kuwa za mu ce fitbul. Kafin ku karɓe shi, ko in yana gidanku tuni, ku karanta wannan, ku karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Daga ina fitbul ya fito?

Asalinsa ƙasar Ingila. A zamanin da, mutanen can suna da wani wasa na mugunta: a ɗaure bijimi, a sakar masa karnuka, a taru ana kallo ana caca. Karen da ake yabo shi ne wanda in ya kama hancin bijimi ba ya saki. A shekarar 1835 hukuma ta hana wasan, sai masu caca suka koma haɗa kare da kare faɗa a cikin rami, a ɓoye. Suka haɗa irin karen bijimin nan da wani ƙaramin kare mai zafin nama wanda ke kashe ɓeraye. Daga nan fitbul ya fito. Daga baya aka kai shi Amurka, inda wasu suka ci gaba da sa shi faɗa, wasu kuma suka mai da shi karen gona da karen gida.

Ba shi da girma ainun. Yawanci nauyinsa tsakanin kilo 15 ne zuwa 30, amma tsoka ce zalla, ga wuya mai kauri, ga muƙamuƙi mai ƙarfi.

Yaya halinsa yake?

Za ku ji maganganu iri biyu. Wani zai ce fitbul mugu ne tun daga haihuwa. Wani zai ce nasa ya shekara biyar yana wasa da yara bai taɓa cizon kowa ba. Kowannensu yana da guntun gaskiya.

Fitbul da yawa suna son mutanen gidansu ƙwarai, suna son wasa, suna da saurin koyo. Maganar da ake yi cewa muƙamuƙinsa yana kullewa kamar kwaɗo ba gaskiya ba ce. Ƙirar bakinsa irin ta sauran karnuka ce. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. An yi shekaru ana zaɓen waɗanda ke kamawa su riƙe, su girgiza, su ƙi saki ko ana dukansu. Karen ƙauye in ya tsorata yakan kai cizo sau ɗaya ya ruga. Fitbul in ya kama da gaske, raunin yakan yi zurfi, nama ya yage. Kuma da yawansu ba sa jituwa da wasu karnuka, suna iya far wa awaki, tumaki, kaji da zabi.

A Amurka an duba mutum 238 da karnuka suka kashe daga 1979 zuwa 1998. Fiye da rabinsu, fitbul ne ko wani babban kare da ake kira rotwaila ya yi ɓarnar. Birtaniya kuwa tun 1991 ta yi dokar hana sayarwa da hayayyafa fitbul. Amma akwai wani binciken, shi ma a Amurka, kan mutum 256 da suka mutu daga 2000 zuwa 2009, wanda ya duba yadda abin ya faru. A kusan tara cikin goma, babu wani babba mai ƙarfi a wurin da zai raba. A fiye da takwas cikin goma, ba a dandaƙe karen ba. A wajen uku cikin huɗu, karen ba ya cuɗanya da mutanen gida, an ware shi ne a gefe.

Ma'anar wannan ita ce: irin kare yana nuna girman ɓarnar da zai iya yi, riƙon da ake masa kuma yana da babban hannu wajen ko zai yi ta. Dukan biyun sai kun lura da su.

Ya dace da irin gidajenmu?

Ku dubi gidanku. Ƙofa a buɗe take tun safe har dare. 'Ya'yan maƙwabta suna shigowa ba sallama, mai talla tana shigowa, baƙo yana shigowa neman ruwa. Jariri yana rarrafe a tsakar gida, uwarsa tana daka ko ta tafi rijiya. Da damina manya duk suna gona, an bar tsohuwa da ƙananan yara. Katangar ma wani wuri ruwa ya zubar da ita, an tare da zana.

A irin wannan gida, shawararmu ita ce kada ku ajiye fitbul, ko wani babban karen Turawa mai irin ƙarfinsa. Karen gida da kuka saba da shi yana yin haushi ya tashe ku in ɓarawo ya zo, abin da ake bukata ke nan. Ya saba da zafin ƙasarmu, ba ya kuma cin abincin da zai ƙare muku aljihu. Ku yi lissafin tuwo da nama da magani na shekara guda kafin ku ce kun samu kyauta.

In yana gidanku tuni

Kada ku ɗaure shi da sarƙa dare da rana cikin zafi domin wai ya yi faɗa. Kada ku hana shi abinci, ko ku doke shi, ko ku ba shi barkono ko wani abu don ya ƙara zafi. Karen da aka yi wa haka bai san ɓarawo daban, ɗan gida daban ba.

Ku yi masa wuri mai inuwa, mai shinge mai ƙarfi da ƙofa mai sakata wadda yaro ba zai iya buɗewa ba. Ku ba shi abinci da ruwa kullum. Babba ne zai fita da shi ya motsa jiki, da igiya mai ƙarfi, da takunkumi a baki in za a shiga mutane. Ku kai shi wurin likitan dabbobi a dandaƙe shi, a yi masa allurar rigakafi. In ɗan kwikwiyo ne, ku saba masa da mutane da dabbobi a hankali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu mafi muhimmanci: kada a bar yaro da kare su kaɗai, ko na ɗan lokacin da za ki sauke tukunya. Kada ku ce ai ya saba da mu. Sabo turken wawa ne. Yara da yawa da ake kawowa asibiti da cizo, karen gidansu ne ko na maƙwabci ya cije su, kuma saboda gajartarsu cizon yakan same su a fuska da wuya da kai.

In kare ya taɓa cizon mutum ba dalili, ko yana yi wa yaran gida gurnani, kada ku jira karo na biyu, kada kuma ku sayar wa wani ku ɓoye masa halinsa. Ku nemi shawarar likitan dabbobi.

Abin da za ku koya wa yara

Kada su taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko ba shi da lafiya. Kada su kusanci karya mai shayarwa. Kada su ja wutsiya ko kunne, kada su hau bayansa, kada su jefe shi. In kare ya sandare, ya ƙura ido, gashin bayansa ya tashi, ko ya yaye leɓe haƙora suka fito, yana gargaɗi ne, a ba shi wuri. Kaɗa wutsiya ba kullum ne alamar murna ba.

In baƙon kare ya nufo yaro, kada ya gudu, kada ya yi ihu. Ya tsaya cik kamar itace, hannuwa a jiki, ido a ƙasa, har karen ya wuce. In ya kayar da shi, ya dunƙule, ya rufe wuya da kunnuwa da hannuwansa. Ku kuma manya, in kare ya riƙe yaro, kada ku fizge yaron, domin naman zai ƙara yagewa. Ku kira taimako, ku sheƙa wa karen ruwa a fuska, ku rufe masa kai da buhu, ku sa benci ko faifan katako tsakani.

Haɗarin da ya fi haƙora: ciwon haukan kare

Ko fitbul ne, ko karen ƙauye, ko ɗan kwikwiyon da bai kai wata uku ba, kowane yana iya ɗauke da ciwon hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Kusan kowane ɗaya daga kare ya samo shi, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare. Tana shiga ta cizo, ko yakushi, ko in kare ya lashi miki. Daga nan tana bin jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci tafiyar takan ɗauki wata biyu zuwa uku, amma tana iya zama mako guda ko shekara guda. Cizon fuska da wuya ya fi saurin kaiwa. A nan mutane ke ruɗuwa: miki ya warke, an manta, alhali cutar tana kan hanya. Sai wata rana zazzaɓi ya zo, wurin cizon ya soma ƙaiƙayi ko zugi, mutum ya rikice, ya kasa haɗiyar ruwa ko da ƙishirwa na damunsa. In an kai nan, kusan babu mai tashi, a kowane asibiti na duniya. Amma in an yi allura kafin alamun su fito, ana tare cutar a hanya. Tun 1885 aka san haka, lokacin da Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 a Faransa da wannan allura.

Kare mai ciwon yakan canza hali. Wani ya riƙa yawo yana cizon duk abin da ya tarar, muryarsa ta canza. Wani kuwa ya yi shiru, baki a sake, yawu na dalala, ƙafafu su mutu. Kada ku sa masa hannu a baki kuna cewa ƙashi ne ya maƙale.

In kare ya ciji mutum

Na ɗaya, ku wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, kuna zubawa har minti 15. Kowane irin sabulu ya isa. Wannan wankin kaɗai yana rage haɗari sosai. In akwai aidin ko sifirit ku shafa bayan wanki. In jini na zuba da yawa, ku danne da tsumma mai tsabta.

Na biyu, kada ku sa toka, ko barkono, ko kashin shanu, ko baƙin mai, ko gashin karen. Cin hantar karen ba ya hana ciwon.

Na uku, ku je asibiti a ranar, ko da ciwon ɗan ƙarami ne. Allurar ba guda ɗaya ba ce: akwai ta ranar farko, da ta kwana 3, da ta kwana 7, da abin da malamin asibiti zai ƙara muku. Ku cika su duka. In cizon ya yi zurfi, akwai wata allurar da ake yi a cikin mikin kansa, ana kuma duba ko kuna bukatar ta ciwon sarƙe-haƙora. Kada ku yi mamaki in ba a ɗinke mikin nan da nan ba. Da gangan ne. Mai ciki da mai goyo da jariri duk ana yi musu. In ƙaramin asibitinku ba shi da allurar, ku tambayi inda za a samu, ko asibitin gunduma ko Asibitin Koyarwa na Tamale, ku tafi ba jinkiri. Allurar tana iya cin kuɗi, amma gara a sayar da akuya a yau da a yi zaman makoki bayan wata uku.

Na huɗu, in za a iya ba tare da haɗari ba, ku kulle karen, ku ba shi ci da sha, a lura da shi kwana 10, ku kuma sanar da ma'aikatan dabbobi. Kada ku jira kwana goman nan kafin ku fara allura. In karen ya mutu ko an kashe shi, kada a taɓa shi da hannu tsirara, kada a feɗe, kada a ci, kada a sayar da naman. Ma'aikatan dabbobi za su iya aika kansa a gwada.

Ku kuma tambayi yaranku. Yaro yakan ɓoye cizo don tsoron duka. Ku gaya musu cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya faɗa, ba za a doke shi ba.

Rigakafi ya fi magani

Ku yi wa kowane kare allurar ciwon hauka tun yana wata uku, ku sake kowace shekara, ku adana katin. Kada ku karɓi kare daga hannun kowa ba tare da katinsa ba, komai tsadarsa. Ma'aikatan dabbobi na Ma'aikatar Abinci da Noma ne ke yin allurar. Ku tambaya a ofishinsu na gundumarku. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, ku kasa kunne a lokacin ko za a yi sanarwar allura a yankinku. In an yi wa karnuka bakwai cikin goma na gari allura, cutar takan daina yaɗuwa. Saboda haka ku yi magana da maƙwabta, da mai unguwa, da sarkin gari, a tara karnuka rana ɗaya a kira likitan dabbobi.

Allah ya tsare mu da 'ya'yanmu, ya ba mu lafiya.