Abin da Ake Faɗa Kan PHP: Wanne Ne Gaskiya?

Duk inda sababbin masu koyon PHP suka haɗu, akwai maganganun da suke gada daga bakin juna. Wasu gaskiya ne, wasu kuwa jita-jita ce kawai.

Wadda ta fi yawo ita ce wai mazubin da aka ba ƙima a saman fayil, kamar $suna, ana ganinsa a ko'ina. Ba haka ba ne. Wannan harshe da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995 yana killace duk aikin da aka buɗe da kalmar function. Abin da ke waje ba ya shiga ciki sai an miƙa shi, ko an kira shi da global. Wanda ya saba da JavaScript a nan yake tuntuɓe, domin a can ana gani. Irinsu $_POST da $_SESSION ne ke shiga ko'ina ba sallama.

Batun wai mazubin da aka ƙirƙira cikin foreach yana ɓacewa da an gama zagaye shi ma ƙarya ne. Yana nan daram da ƙimarsa ta ƙarshe.

Sai maganar ob_start(), wadda ake ba kowa a matsayin maganin kuskuren nan na "headers already sent". Gaskiya tana kashe shi. Saba (server) tana fara tura bayanan kai (headers) ne kafin jikin shafi, don haka da harafi ɗaya ya fita, ko da sarari ne kafin <?php, ba a iya ƙara header() ko session_start(). Ita ob_start() tana riƙe abin da aka buga har a sake shi. To amma sararin da ya jawo matsalar yana nan, an dai rufe shi ne, kuma gara mai koyo ya nemo shi ya goge. Haka kuma riƙewar ba ta taɓa mazubai: abin da aiki ba ya gani, ba zai gani ba.

Masu cewa shafinsu yana tafiya a kwamfutarsu amma ya ƙi a saba, su ma ba ƙarya suke ba. Samfurin fayil ɗin saiti na php.ini da ke zuwa da PHP yana sa output_buffering a 4096, wato ana riƙe bayit 4096 na farko, sai kuskuren nan ya ɓuya, alhali wata sabar a kashe take barinsa.