Tankar da Ke Warkewa Idan Ta Ga Bakanike

A wani aikin hanya da ake yi a yammacin Kano cikin hunturu, masu gwajin ƙasa suka fara kawo sakamako mai ɗaure kai. Duk shimfiɗar marmarar da aka danne, farkonta yakan ci gwaji, ƙarshenta ya faɗi. Daga rami ɗaya tifofi ke kwaso ƙasar, gireda ɗaya ke bajewa, rola ɗaya ke dannewa, amma rabin farko ya yi tauri yadda ake so, rabin ƙarshe kuwa sako-sako. Kowace faɗuwa kuma asara ce: a sake kartar wurin, a sake jiƙawa, a sake dannewa, ga mai ya ƙone, ga yini ya tafi.

Ƙasa ba ta dannuwa sai ta sha ruwa daidai gwargwado. Idan ta bushe, ƙwayoyinta sukan cije, su ƙi matsawa kusa da juna. Idan ta jiƙe sharkaf, ruwan ya mamaye gurbin da ya kamata ƙasa ta cike. A shekarar 1933 wani injiniya a birnin Los Anjelis na Amurka, Ralph Proctor, ya fito da hanyar gano wannan ma'auni, kuma har yau da ita ake aiki a ɗakunan gwaji. A fili kuwa, mai gwaji yakan haƙa ɗan rami a shimfiɗar, ya auna nauyin ƙasar da ya kwashe, ya cika ramin da yashin da aka san nauyinsa don ya san girman ramin. Galibi ana so ƙasar ta kai kashi 95 cikin 100 na iyakar dannuwar da aka samu a ɗakin gwaji, ko ta wuce.

Rola aka fara tuhuma. Aka sa mutum ya tsaya yana ƙirga zuwanta da dawowarta, aka tarar ba ta rage wa kowane ɓangare komai. Aka ɗebi ƙasar gaba da ta baya aka gwada, iri ɗaya ce. Sai da aka auna damshi sannan zare ya fito: rabin ƙarshe a bushe yake. Wani ya ce ai hunturu ne, iskar da ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ba ta barin raɓa a ƙasa. Injiniyan wurin ya ƙi wannan magana. In da iska ce, ɓangaren da aka fara jiƙawa shi zai riga bushewa, tunda ya fi daɗewa a sarari. Ke nan ruwan ne tun asali ba ya isa can.

Daga nan ido ya koma kan direban tanka, dattijo mai furfura da ya daɗe a hannu. Ba a faɗa a gabansa ba, amma maganar ta zaga: wataƙila yana sauke wa masu buga bulo rabin ruwan a hanya. Ya ji, ya haɗiye. Washegari ya sami injiniya ya ce, “Ranka ya daɗe, ka shigo mu je tare, idonka ya gane maka.”

Suka je bakin madatsar da ake ɗiban ruwa, aka cika tanki mai cin lita 20,000 har baki, suka dawo ba tsayawa. Da aka fara feshi, ruwa ya fita da ƙarfi, ya rufe faɗin hanya. Tafiya ta ɗan yi nisa, sai feshin ya soma tsukewa, ya koma tsiyaya, famfo kuma ya ɗauki wata ƙara mai kaushi. Direba ya ce, “Ka ji ta? Kullum a nan take fara cin tsakuwa.” Da suka koma madatsa aka leƙa ciki, ga ruwa nan jingim bai fita ba. Injiniya ya ce, “Baba, ka yi haƙuri.” Zargi ya faɗi, tambaya kuma ta canja: me ke hana ruwan da ke cikin tanki fita?

Aka kai motar gareji. Bakaniken kamfanin ya bi hanyar ruwa daki-daki, kamar yadda ya dace. Ya kwance rariyar da ke gaban famfo, ya tarar da laka da ganyaye da ɗan leda, domin ruwan madatsa da na kududdufi ba sa zuwa su kaɗai. Ya wanke ta. Ya kwance kawunan feshi, ya fitar da yashin da ya maƙale a wasu. Ya buɗe murfin sama don ya riƙa ganin yadda ruwa ke sauka, aka kunna famfo a tsakar gareji. Ruwa ya fita da ƙarfi tun daga farko har tanki ya ƙare tas. Kowa ya ce an gama.

Da gari ya waye aka koma fili, feshi ya sake mutuwa a inda ya saba.

Wannan karon famfon kansa aka farke. Farfelar da ke ciki ta ci rauni, bakin fukafukanta duk ƙananan ramuka. Aka ce ga ɓarawon nan, aka sayo sabuwa aka ɗaura. Aka gwada a gareji, murfi a buɗe, lafiya lau. A fili kuwa jiya i yau, har da ƙarar. Ma'aikata suka fara cewa motar tana warkewa ne idan ta ga bakanike.

Akwai wani tsohon bakanike da kamfanin kan kira idan abu ya gagara. Da ya zo, bai taɓa motar ba. Tsohuwar farfelar ya nema. Ya juya ta a hannu, ya shafa da yatsa, ya ce wannan ba cin yashi ba ne. Yashi yakan goge ƙarfe ne ya bar shi sumul, ya siranta bakinsa. Waɗannan ramuka masu kaifin baki aikin kumfa ne. Idan famfo yana zuƙa amma ruwa ba ya iso masa yadda yake buƙata, matsin da ke bakin farfela yakan faɗi ƙwarai, har ruwa ya tafasa ba tare da wuta ba, ya zama ƙananan kumfan tururi. Da zarar kumfan sun shiga inda matsi ya fi yawa sai su fashe a jikin ƙarfe, kowanne ya ɗan ƙwaƙule shi. Fashewar ce ake ji kamar tsakuwa. Ya ce, “Famfon nan yunwa ake bar shi da ita. Ko goma kuka saya, haka za su ƙare.”

To me ke hana shi abinci? Abubuwan da ke tsakanin tanki da famfo ba su da yawa. Rariya an wanke. Bawul ɗin ƙasa aka duba, yana buɗewa har ƙarshe. Aka zare tiyon zuƙa aka haska cikinsa, domin wani lokaci fatar ciki takan saɓule ta toshe hanya alhali waje lafiya. Wannan ƙalau yake. Saura tankin kansa.

Tsohon ya tambaya, wa ke hawa sama kullum? Aka nuna yaron mota, wanda duk tsawon binciken ba wanda ya tambaye shi komai. Tsohon ya ce masa, “Ɗana, in kun dawo ɗibar ruwa, me kake gani a can sama?”

Yaron ya ce, “Baba, in muka dawo da wuri murfin ba ya ɗaguwa, sai ka ce an riƙe shi daga ciki. Sai na jira ya gama fito, sannan ya saki.”

“Fito?”

“E, wani siririn fito yake yi.”

“Tun yaushe?”

“Tun da aka sa masa sabuwar roba.”

Tsohon ya hau da kansa. Kusa da murfin akwai ɗan lanƙwasasshen bututu mai kallon ƙasa, kafar da tanki ke shaƙar iska. Ya zura waya, ta ƙi shiga. Da aka kwance shi, sai ga gidan zanzaro ya cika shi, busasshiyar laka ɗaki-ɗaki, ƙurar hunturu kuma ta haɗu da damshi ta liƙe abin da ya rage, in ban da 'yar kafa kamar ta allura.

Nan komai ya hau kan layi. Duk wanda ya taɓa zama teburin mai shayi ya ga yadda ake huda gwangwanin madara wuri biyu, ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga. In aka toshe ta biyun, madarar sai ta tsaya. Kowace litar ruwa da ta bar tanki, dole litar iska ta maye gurbinta. Da farkon feshi matsin ciki bai riga ya faɗi sosai ba, shi ya sa rabin farko ke samun ruwa. Can gaba sai matsin ciki ya faɗi, tanki ya riƙe ruwansa, famfo ya shiga yunwa. Motar ta yi zaman damina a ajiye lokacin da aiki ya tsaya, a nan zanzaro ya samu wuri. Ba a lura ba saboda tsohuwar robar murfi ta mutu, iska na shiga ta gefenta. Ranar da aka sa sabuwa, aka rufe ƙofar ƙarshe. A gareji kuwa kullum murfi a buɗe ake gwaji, shi ya sa ciwon ke ɓuya.

Abin bai tsaya ga feshi ba. Iskar da ke kewaye da mu tana danna kowace murabba'in mita da nauyin kusan tan 10. Idan matsin cikin tanki ya ragu da kashi ɗaya cikin goma kacal, murfi mai faɗin santimita 50 zai zama kamar an ɗora masa kilo 200, shi ya sa ya gagari yaron. Jikin tanki kuwa an ƙera shi ne don ya riƙe ruwan da ke tura shi waje, ba ya jure matsi daga waje zuwa ciki. Da aka duba da kyau, sai ga wata 'yar loɓawa a gefe ɗaya kusa da layin walda. Da 'yar kafar nan ta ƙarasa toshewa, tankin zai iya lotsewa gaba ɗaya.

Gyaran bai ci ko sa'a guda ba: aka fasa lakar, aka wanke bututun, aka ɗaura masa 'yar raga a baki don kada ƙwaro ya sake shiga. Gwajin da ya biyo baya ya ci daga farko har ƙarshe.

Abin da ya fi damuna a wannan labari shi ne, kamfanin ba sakarai ba ne wajen kula da mota. Ana juye baƙin mai a kan lokaci, ana duba taya da birki, ana sa giris. Amma takardar dubawarsu ta babbar mota ce kawai, kamar ta tifa. Tankar ruwa kuwa inji biyu ce a kan tayoyi ɗaya: motar da ke tafiya, da kayan ruwan da ta goya. Na biyun ma yana da haƙƙinsa. Kowace safiya a tsiyaye ruwan da ya taru a tankunan iskar birki, domin mota mai ɗauke da tan 20 na ruwa ba ta yafe birki mai rauni; a kalli kawunan feshi suna aiki, a saurari famfo. Kowane mako a wanke rariya, a sa wa famfo da sandar da ke juya shi giris, a duba tiyo da ƙusoshin da suka ɗaure tanki a kan shasi, a kakkaɓe matatar iskar inji, wadda hunturu ke cikawa da wuri. Lokaci-lokaci a zubar da ruwa duka a wanke lakar ƙasan tanki, a duba tsatsa da farantan ciki masu hana ruwa tangaɗi, tare da kiyaye ƙa'idar shiga rufaffen wuri: iska ta wadata, mutum kuma na tsaye a waje. Motar da ta daɗe a ajiye kuwa, a bi duk wata kafa tata kafin ta koma aiki.

A sabuwar takardar da aka rubuta a wurin, an ƙara layi biyu. Na farko: a duba kafar iska duk mako. Na biyu: duk gwajin famfo a yi shi da murfi a rufe, yadda motar ke aiki a fili. Ni da zan ƙara na uku, cewa zan yi: kafin a zargi mutum ko a sayi sabon ƙarfe, a tambayi direba da yaronsa abin da suke ji da wanda suke gani. Amsar da ta ci farfela guda, da kwanakin aiki, har ta nemi taɓa mutuncin dattijo, tana bakin yaron nan tun ranar farko.