ZUMUNTAR MATA: YADDA TA FARA, DA ABIN DA ZA TA KOYA WA MANOMA

A yawon da muke yi na ziyartar ƙungiyoyin gama kai, akwai abu ɗaya da yake damunmu. Ƙungiya takan tashi da ƙarfi sa'ad da aka ji labarin takin zamani ko rance. Da an gama rabo sai taro ya mutu, littafin kuɗi ya ɓace, kowa ya kama gabansa. Amma a cikin ekklisiyar nan ɗaya za ka tarar da Zumuntar Mata tana taro kowane mako, ba wanda ya yi mata alkawarin taki. Don haka muka ga ya kamata mu duba tarihinta, ko ma gane asirin.

Mafarin abin

Labarin da ake bayarwa ya kai mu Miyango, a ƙasar Irigwe, yamma da Jos, cikin shekarar 1930. An ce wata mace ce naƙuda ta zo mata da gardama, saura kaɗan ta rasa ranta. A zamanin nan asibiti yana da nisa, mota kuwa sai a hanyar kuza ko ta gwamnati. Matan ekklisiya suka ga abin da ya sami 'yar'uwarsu yana iya samun kowacce a cikinsu. Sai suka haɗa 'yan kuɗinsu suka sayi keke domin a riƙa kai mai ciwo wurin magani. Taron da suka yi saboda wannan bukata shi ne ya zama tushen zumunta.

Mu tuna kuɗin lokacin anini ne da kwabo da sule. Mace takan same su ta wurin sayar da itace, ko 'yar acca, ko kaza. Ekklisiyar kuma tana hannun mishan na SIM, gama ECWA ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 1954. Watau matan ba su jira shugabanni na ƙasa su tsara musu kome ba. Bukata ce ta tara su.

Daga nan abin ya bazu. Yau akwai zumuntar mata a ECWA, da COCIN, da EYN, da LCCN, da Katolika da sauransu, har ma a ikkilisiyoyin Jamhuriyar Nijar. Harshen Hausa ya taimaka ƙwarai. An buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932, saboda haka macen Irigwe da ta Birom da ta Tangale da ta Bura suna iya zama wuri ɗaya su yi karatu da waƙa da harshe ɗaya.

Ayyukan da suke yi

Mutane da yawa sun san matan zumunta da zane iri ɗaya, da kiɗan tulu da caki ran Lahadi. Wannan shi ne abin da ido yake gani. Yawancin aikinsu a cikin mako ake yinsa.

Na fari, karatu. A ƙauyuka da yawa, a taron zumunta ne mata suka fara koyon baƙaƙe domin su karanta Littafi da kansu. Wadda ta iya karanta aya ta iya karanta katin asibiti da takardar makarantar ɗanta.

Na biyu, jiyya da ziyara. In mace ta haihu, 'yan'uwa sukan kai itace da ruwa da sabulu, su dama mata kunu. In an yi rasuwa, su ne masu dafa abincin baƙi, su ne kuma masu kwana tare da gwauruwa. Sukan ɗauki misalin Dokas ta Yafa, wadda Ayyukan Manzanni sura 9 ta ce tana ɗinka wa gwauraye tufafi.

Na uku, aikin gona. Sukan yi gayya a gonar tsohuwa ko ta mara lafiya. Wasu suna da gonar zumunta ta gyaɗa ko waken soya. Wasu kuma sukan yi ƙodago tare, kuɗin ya shiga asusu.

Na huɗu, koyar da tsabta da kiwon yara: a tafasa ruwan sha, a kai yaro rigakafi, a ba mai zawo ruwan gishiri da sukari, mai ciki ta je awo. Har yanzu wahalar da ta tara matan Miyango ba ta ƙare ba. Doguwar naƙuda tana kashe mata, tana kuma barin wasu da yoyon fitsari, ciwon da ake yi wa aiki a asibitin Jankwano na Jos. Keke ya zama babur ko mota, amma tambayar tana nan: wa zai kai ta, da kuɗin wa, da tsakar dare?

Me ya sa ta daɗe?

Mun lura da abubuwa huɗu.

1. Ranar taro ba ta canzawa. Ko da akwai abin rabo ko babu, ana haɗuwa. Wadda ba a gani ba, a bi ta gida a ji lafiya.

2. Baikon bai fi ƙarfin kowa ba. Wadda ba ta da kuɗi ta kawo mudun hatsi. Da yayyafi kogi kan cika.

3. Aiki a rabe yake. Akwai uwar zumunta, da magatakarda, da ma'aji. Inda zumunta take da lafiya, ana ƙirga kuɗi a gaban jama'a, a rubuta, a karanta a taro na gaba.

4. Taimakon yana komawa kan masu bayarwa. Wadda ta kai wa wata itace yau ta san za a kawo mata gobe.

Ba mu ce ba su da laifi ba. Wani wuri kuɗin zane da na tafiya babban taro yakan yi wa matalauciya nauyi har ta daina zuwa don kunya. Wani wuri shugaba takan daɗe a kujera har gunaguni ya shiga. Waɗannan abin gyara ne, matan da kansu sun san da haka.

Abin da ƙungiyarmu za ta iya yi bana

Bari mu yi lissafi. A ce ƙungiya tana da mutum 30. In kowa ya kawo mudu 5 na dawa ko masara da kaka, an sami mudu 150. A shanya shi sosai, a zuba a buhu mai hana iska shiga, a ajiye a rumbun ƙungiya da makulli biyu, ɗaya a hannun namiji, ɗaya a hannun mace. A watan Yuli da Agusta, sa'ad da hatsi ya yi tsada, gidan da abincinsa ya ƙare ya ranta ya biya da kaka. Abin da ya rage a sayar, kuɗin ya zama asusun gaggawa. A yi magana tun da wuri da mai mota ko mai babur a ƙauye, a ajiye lambar wayarsa, domin ran da naƙuda ta zo kada a tsaya neman kuɗin mai.

Muna kuma roƙon maza abu biyu. Ku gayyaci ma'ajin zumunta ta nuna wa ƙungiyarku yadda suke riƙe littafi, ba abin kunya ba ne. Sa'an nan kada ku hana matanku zuwa taro da sunan aikin gona, gama ran da ciwo ya shigo gidanka, su ne za ka fara gani a ƙofa.

Tambayoyi domin taronku na gaba: Wace bukata ce ta tara mu, ban da taki? Yaushe aka karanta mana lissafin kuɗi na ƙarshe? In matar ɗayanmu ta fara naƙuda daren yau, me muka shirya?

Ku aiko mana da amsoshinku ta hannun malamin gona ko mai bishara. Allah ya ba mu damina mai albarka.