Kokowar Jujitsu: Kaye Daga Kwalar Riga Yake Farawa

Duk wanda ya daɗe yana cin kasuwar Ɗan Isa, ko ta Birnin Ƙonni, ko ta Gaya, ya san yadda rigima take tashi tsakanin ƴan dako ko yaran mota. Kafin a kai ga naushi sai ka ga ɗaya ya ci kwalar ɗaya, ya fizgo shi, mutane su taru ana ba da haƙuri. Mu a nan cin kwala raini ne, kuma sau da dama maganar sai ta dangana da sarkin kasuwa. To amma akwai wata kokowa da aka raina a ƙasar Birazil, wadda ake kira jujitsu, inda cin kwalar nan ya zama ilimi mai zaman kansa, ana shekaru ana koyon sa, kuma da shi ake cin kambun duniya. Da yake yanzu samarinmu suna kallon wasan a wayoyinsu, har wasu na gwadawa a bayan rumfuna, mun ga ya dace mu yi wa masu karatu bayanin abin da ke faruwa a farkon karawar, lokacin da mutum biyu suke tsaye suna ta kaɗe hannun juna kamar ba su son farawa. Mai kallo yakan ɗauka ɓata lokaci suke yi. Alhali a nan ne ake ƙulla kayen da za a gani daga baya.

Asalin wasan daga Japan yake. A shekarar 1882 wani malami mai suna Jigoro Kano ya buɗe makarantar Kodokan a birnin Tokyo, inda ya tsara kokowar judo. Ɗaya daga cikin almajiran makarantar, Mitsuyo Maeda, ya isa Birazil a 1914, ya zauna a garin Belem, kuma daga hannunsa ne Carlos Gracie ya ɗauki karatu. Gidan Gracie suka mai da hankali ga kokowar ƙasa, wato abin da ake yi bayan an faɗi: shaƙa da murɗe gaɓa har mutum ya buga hannu ya ce ya sallama. Rigar kuwa ba su yar da ita ba. Ita ce ake kira gi, ko kimono kamar yadda ƴan judo na wajenmu suke faɗi: riga mai kauri ta auduga, da wando, da ɗamara.

A nan ne bambanci da kokowarmu ya fito. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, ɗan kokowarmu ba riga yake shiga fage ba. Abin kamawa jiki ne, jiki kuwa da gumi yana da santsi, shi ya sa riƙo ba ya daɗewa. Sannan da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka. A jujitsu kuwa tufa ba ta zamewa, wanda ya kama ta da kyau yana iya riƙe ƙato kamar an ɗaure shi a turke, kuma kaye ba ya ƙare wasa. A dokar babbar hukumar wasan, IBJJF, wadda aka fara gasarta ta duniya a birnin Rio a 1996, kaye maki 2 ne kacal, shi ma sai mai kayen ya danne abokin karawarsa na daƙiƙa 3. Wuce ƙafafun wanda ke kwance maki 3 ne, hawa kan cikinsa ko kama shi ta baya maki 4. Masu baƙar ɗamara minti 10 suke yi.

Rigar da kanta doka ta kewaye ta, kuma masu sayar da yadi za su gane dalili. Kafin ɗan wasa ya shiga fage sai an auna rigarsa. Kaurin kwala kada ya wuce santimita 1.3, domin in ta yi kauri da yawa hannu ba ya iya dunƙule ta. Hannun riga kuma dole ya bar sarari na santimita 7, don kada wani ya ɗinka matsattse ya hana a kama shi. Launi uku aka yarda da su: fari, shuɗi da baƙi. Kuma da rigar a jiki ake hawa sikeli, shi ya sa wanda nauyinsa ke bakin iyaka yakan nemi mai sassauƙar saƙa, ko da yake ta fi daɗin kamawa ga abokin gaba. Cusa yatsu cikin bakin hannun riga ko bakin wandon abokin karawa laifi ne, alƙali yana hukunta shi.

Yaƙin hannaye

Riƙon da aka gada daga judo mai sauƙin faɗi ne. Mai amfani da dama yana sa ƙafar dama gaba, hannun dama a kwalar abokin karawa daidai ƙashin wuya, hannun hagu a hannun rigarsa kusa da gwiwar hannu. Japanawa suna kiran hannun kwala tsurite, mai ɗagawa, na hannun riga kuma hikite, mai jawowa. Sabon shiga yakan yi sauri ya kai hannu kwala domin ita ce a kusa, kuma ita ke sa mutum ya ji kamar ya kama wani abu. Gwanaye ba haka suke farawa ba. Abin da suke fara nema shi ne hannun da abokin karawa yake ji da shi, su kama bakin rigar wannan hannun tun yana hanya, su danne shi ƙasa wajen cinyarsa. In aka yi haka an raba shi da makaminsa, sannan a kai ɗaya hannun kwala a natse. Wanda ya samu hannu biyu a kan mutum, alhali shi hannu ɗaya kawai ke kansa, shi ke da fage na ɗan wannan lokaci, kuma a cikinsa ya kamata ya kai hari. In ya tsaya yana jin daɗin riƙon, za a ɓalle shi a koma farko.

Ɓalle riƙo shi ma da hanyarsa. In an ci kwalarka, ba a ja da baya da ƙarfin tsiya, domin rigar za ta bi ka ne kawai tare da hannunsa. Hannu biyu ake sawa a kama bakin hannun rigarsa daidai tsintsiyar hannu, a tura shi nesa da ƙirji da fizga guda, a lokaci ɗaya kuma a janye ƙirjin baya. Kuskuren da muka fi gani ga masu koyo shi ne sakin hannun bayan an ɓalle shi. To me aka yi ke nan? Zai sake kawo shi. Hannun da ka ɓalle naka ne, riƙe shi, ka ja shi ya gitta gabansa, sai ga gefensa da bayansa a buɗe.

Akwai kuma batun bahago. In masu dama biyu suka haɗu, kowa yana samun riƙonsa iri ɗaya, rigimar a kan hannun riga take. In bahago ya gamu da mai dama, hannayen kwala su ke cin karo, sai a koma takarar wa zai shigar da hannunsa ta ciki, domin na ciki shi ke iya ɗaga gwiwar hannu ya buɗe hanya. Da yawan zakaru sun sha wuya a hannun bahagon da bai kai su ƙarfi ba, saboda kawai ba su saba da shi ba.

Yadda ake ɗana tarkon

Kano ya koyar da cewa kafin kaye sai an raba mutum da daidaitonsa, abin da suke kira kuzushi. Mutumin da ya kafa ƙafafu biyu ya zauna a kansu ba ya kayuwa sai ga wanda ya ninka shi ƙarfi. Don haka aikin riƙo shi ne ya sa shi taka inda bai yi niyya ba. Misali mafi sauƙi shi ne ɗaukar idon sawu: a ja kwala har ya tako da ƙafa ɗaya gaba, nauyinsa ya hau kanta, a fizgo kansa ƙasa wajen wannan gwiwar, sai a durƙusa a tallabe dunduniyar da ɗaya hannun, a tura kwalar baya. Ƙafar da ke ɗauke da shi an tare ta, ba inda za shi sai ƙasa. Ƴan kokowarmu sun san kamun ƙafa sarai, sai dai su ba su da kwalar da za su ja kai da ita.

Na biyu shi ne jan kwala a gicciye. Hannun dama ya tsallaka ya kama kwalar dama ta abokin karawa, a ɗan tura shi. Ɗabi'ar ɗan Adam ce in an tura shi ya turo. Daidai lokacin da ya turo sai a kauce gefe, a ja kwalar da nauyin jiki duka zuwa wurin da aka bari. Sai ya kife a kan hannayensa, a taso a kama ƙafarsa ko a hau bayansa. Wannan dabara ba ta neman ƙarfi, shi ya sa marasa nauyi da masu shekaru suke son ta.

Taɗiya kuwa ba kasafai ake cin ta da bugu ɗaya ba. Ana saƙalo ƙafarsa ta ciki, wanda ake kira ouchi gari, ba lalle don ya faɗi ba. In ya ɗaga ƙafar don ya tsira, hannu na jiran ta. In ya mayar da ita baya, ɗayar ta rage ita kaɗai a gaba, sai a share ta. In kuma ya yi zuciya ya turo gaba, sai a faɗa ƙarƙashinsa a sa masa ƙafa a ciki a wurga shi ta sama. Hari na farko tambaya ce kawai, amsar da ya bayar ita ke nuna wanda zai biyo.

A judo an hana kai hannu ƙafa kai tsaye a 2010, aka ƙara tsananta dokar a 2013, amma a jujitsu kamun ƙafa halal ne. Wannan ya sa ƴan jujitsu suke tsayawa a duƙe, ƙugu can baya, don kāre ƙafafunsu. Tsayuwar tana da nata farashin. Wanda ya duƙa ya miƙa ƙeyarsa da gadon bayansa, sai a zura hannu ta saman kafaɗarsa a kama ɗamara, riƙon da aka san mutanen ƙasar Jojiya da shi saboda kokowarsu ta gargajiya, chidaoba, wadda ita ma da riga ake yin ta. Wanda aka yi wa wannan riƙo ba ya iya ɗaga kai.

Lissafin riba da hasara

Ɗan kasuwa zai fahimci abin da ya sa wasu manyan kayen judo ba su da farin jini a nan. Ɗaukar mutum a kafaɗa, seoi nage, sai ka juya masa baya. A judo in ya yi kyau wasa ya ƙare, in bai yi ba alƙali ya tsayar a tashi. A jujitsu in ya yi kyau maki 2 ne, in ya ɓaci ka ba shi bayanka, maki 4, ga kwalarka a hannunsa daidai maƙogwaro. Wa zai zuba 4 don ya ci 2? Sai wanda ya tabbatar da hannunsa, irin Rodolfo Vieira, wanda ya ci nauyinsa da kuma gasar kowa-da-kowa a gasar duniya ta 2011, kuma kayen tsaye na cikin abin da aka san shi da shi.

Wannan lissafi ne ya sa da yawa ba sa ma neman kayen. Suna samun riƙo sai su zauna da gangan, su sa ƙafafunsu tsakaninsu da abokin karawa, su ci gaba daga ƙasa. Mu da muka tashi da kokowar fage abin yana mana banbaraƙwai, a ce namiji ya kai kansa ƙasa ba a kā da shi ba, kuma gaskiya in duka biyun suka zauna lokaci ɗaya ba abin sha'awa ba ne. Doka ma ta ba su daƙiƙa 20 kawai, in ba wanda ya taso ko ya ƙulla wani abu sai a hukunta su duka a tashe su tsaye. Amma ko wannan zaman da riƙo ake yin sa. Wanda ya zauna bai kama komai ba an rubuta masa laifi. In kuwa abokin karawarsa ya riga ya kama masa wando kafin ya zauna, ya kuma danne shi daƙiƙa 3, an ba shi makin kaye. Har akwai masu yin kamar za su zauna, in ɗayan ya miƙe ya saki jiki sai su ɗauke masa idon sawu.

Kada kuma a ɗauka kaye shi ne komai. A watan Oktoba na 1951, a filin Maracanã na Rio, gwarzon judo Masahiko Kimura ya yi ta maka Hélio Gracie da ƙasa, amma shimfiɗar mai laushi ce, bai suma ba. Sai a zagaye na biyu Kimura ya murɗe masa hannu, ya ƙi sallamawa, yayansa Carlos ya jefa tawul. Har yau sunan Kimura ake kiran wannan murɗiya da shi.

Ƴan kasuwarmu masu zuwa Dubai sayayya wataƙila sun ga yara da fararen rigunan nan, domin a Abu Dhabi an shigar da wasan makarantu tun 2008. A can kan shimfiɗa mai kauri ake yi, kuma darasin farko ba kaye ba ne, koyon faɗuwa ne: a manna haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu, a daki ƙasa da hannu a shimfiɗe, ba a dogara da tafin hannu ba. Akwai kayen da aka haramta gaba ɗaya, kamar na almakashi, inda ake tsalle a datse ƙafafun mutum ta gefe. Shi ne ya karya ƙafar Yasuhiro Yamashita a Japan a 1980. Ɗaga mutum sama a doka shi da ƙasa ma kora ce nan take. Samarin da ke gwada abin da suka gani a waya kan sumunti ko busasshiyar ƙasar bayan rumfa, sanye da rigar shadda da ba a saƙa ta don ja ba, su sani cewa ko su masu shimfiɗar da likita a gefe, yawancinsu da filasta suke naɗe gaɓoɓin yatsunsu kafin su shiga fage.