Ko Kun Sani? Inji Biyu, Ƙarin Desibel 3 Kacal

Idan inji ɗaya a masana'anta yana fitar da ƙara mai desibel 85, sai aka kunna wani irinsa a gefensa, na'urar awon ƙara ba za ta nuna 170 ba, 88 za ta nuna. Haka ma'aunin desibel yake: ƙarin 3 na nufin ƙarfin ƙarar ya ninka sau biyu, ƙarin 10 kuwa sau goma.

Ukun nan fa ba abin rainawa ba ne, domin ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar kada ma'aikaci ya wuce awa 8 a rana cikin desibel 85. A 88, awa 4 ke nan. A 100, minti 15 kawai! Hirar yau da kullum wajen 60 take.

Mai injin niƙa da ba shi da na'ura yana iya kintata: in sai ya ɗaga murya kafin wanda ke tsaye tazarar kamu biyu ya ji shi, da alama ƙarar ta kai 85, sai ya nemi abin toshe kunne.